Man Lubban a Fuskar Baban Biyu

"...To ya Gwaggo? Ya ƙafar tata?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Amma tsaya tukuna, wai da wa nake gaisawa ne? Muryar dai na san ta, mai muryar ne ban gani ba."

Shagon ƙarami ne, a ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai guga. Kwalabe ne jere a kan katako har sama, ga tebur ɗaya, ga benci, ga wata fanka da ke juya kai tana kuka. Mai shagon, wadda kowa ke kira Mai Turare, gajeriyar mace ce mai jiki, bakinta ya fi almakashi kaifi. Wanda ya shigo kuwa ɗan kawunta ne, Baban Biyu, direban babbar motar da ke ɗaukar ma'aikatan wani kamfani. Mahaifinsa da mahaifiyarta ciki ɗaya suka fito, don haka taubasai ne, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba a yi wa wani tsiya ba. Yau da tsakar rana ya zo da hula hana-salla ya ja ta har gira, ga baƙin tabarau, ga takunkumi ya rufe hanci da baki.

Mai Turare ta ce, "In fashi ka zo yi, ka yi sammako. Ban yi ciniki ba tukuna."

"Wane ɓarawo ne zai ɓata ranarsa a nan? Ya saci me? Ruwa a kwalba?"

"Ruwan kwalbar ne ya sa kake leƙowa kullum kamar kyanwa a bakin kicin. Cire wannan tsumman in ga fuskarka, bawana."

"Wa ye bawanki? Ni ɗan namiji ne. Uwarki a gidanmu aka haife ta, mu muka ga dama muka ba da ita."

"Kun ba da ita don kun ga ta fi ƙarfin gidan. Cire na ce."

"Mura nake yi."

"Murar har a ido?"

"Irin ta zamani ce. Ke da ba ki fita ko'ina ina za ki san ta?"

Ya zauna a kan benci, ya kai hannu zai sosa kumatu, ya fasa. Mai Turare ta ɗaga hanci ta shaƙi iska, ta sake shaƙa, sannan ta juya ta dubi wani gurbi a kan katako na sama.

"Oho. Wato nan kwalbata ta tafi."

"Wace kwalba?"

"'Yar ƙaramar nan mai ruwan ƙasa, ta man lubban. Ranar da ka zo ka shanye min shayi ta yi ƙafa. Har na zargi mai guga, bawan Allah, na daina amsa masa gaisuwa. Ashe ɓarawon na gida ne."

"Ki iya bakinki. Ɗan kawu ba ya sata a shagon 'yar gwaggo, ɗauka yake yi. Kayanki nawa ne, ke kanki tawa ce."

"Tun kana bakin titi na ji ka. Ƙamshin da kake yi ko buhun lubban aka ƙona albarka."

"Wannan ƙamshin jikina ne. Haka aka haife ni."

"Ƙarya kake. Tare muka tashi, na san warin da aka haife ka da shi."

Baban Biyu ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"To ki saurara, magana ce ta kawo ni. Wani abokina ne."

"Allah sarki. Kana da aboki?"

"Wani abokina ne ya shafa man nan a fuska, sai abin ya ɗan taɓa shi. Kaɗan. Ya ce in tambayo masa."

"Abokin nan naka, yana da sanƙo?"

"Ɗan kaɗan."

"Yana da tumbi?"

"Tumbin arziki."

"Matarsa ta haifa masa tagwaye?"

"Ke ina ruwanki da iyalin mutane?"

"Sai na ga marar lafiya nake magana. Ka je ka kawo shi."

"Ba ya fita."

"To Allah ya ba shi lafiya. Gaishe shi."

Ta ɗauki tsumma ta shiga goge kwalabe tana waƙa a hanci. Baban Biyu ya bi ta da kallo. Fanka ta juya ta dawo. Can ƙaiƙayi ya fi ƙarfinsa, ya fizge takunkumin, ya cire tabarau da hula ya ajiye a benci.

Mai Turare ta juyo. Tsumman ya faɗi daga hannunta.

Kumatunsa sun kumbura sun yi suntum, goshi ya cika da ƙananan ƙuraje, fatar gefen hanci tana saɓulewa, tsakiyar sanƙon kuwa ya yi jawur yana ƙyalli. Ta dafa tebur. Ta so ta yi salati, dariya ta riga shi fitowa. Ta yi dariya har ta zauna a kan kwali, har mai gyaran waya ya leƙo ya ga ko lafiya, ta yi masa hannu ya koma.

"Wayyo cikina! Bawana, wa ya sa ka a tanda? Ka tashi kamar burodi!"

"Yi dariyarki. Kayanki ne na jabu."

"Kawu ya ga wannan fuskar? Maman Biyu fa? A ɗaki ɗaya kuke kwana?"

"Ta koma ɗakin yara. Wai idonta yana yaji."

"Tagwayen fa?"

"Ɗaya ya ce in daina zuwa ɗaukar su a makaranta."

Ta sake fashewa. Sai da ta share hawaye da gefen mayafi, sannan ta matso, ta kama haɓarsa ta juya fuskar wajen haske. Muryarta ta canza.

"Tsaya. Ya shiga ido?"

"A'a."

"Numfashi fa? Maƙogwaro bai kumbura ba?"

"Ba ga shi ina zagin ki ba?"

"Ka sha?"

"Na so in ɗiga a shayi, don ya yi aiki ta ciki da waje. Maman Biyu ta ƙwace kofin ta zubar."

"Allah ya yi wa matar nan albarka. Wallahi ba ka cancance ta ba. Da me ka haɗa shi kafin ka shafa?"

"Haɗa shi? Ana haɗa shi da wani abu ne?"

"Inna lillahi. Haka ka shafa shi tsurarsa?"

"Na zuba a tafin hannu na mulke, safe da yamma. Da ya fara zafi na ce aiki yake yi, sai na ƙara."

"Sai ka ƙara!"

"Ke kika ce! Da kunnena na ji kina gaya wa wata mata wai yana gyara fata, yana rage tamoji."

"Ka ji rabin magana ka sa kwalba a aljihu ka gudu. Da ka tsaya da ka ji sauran. Ɗigo biyu na ce mata, a cikin cokalin man kwakwa ko na zaitun. Kuma ta fara gwadawa a cikin hannu, ta bari ya kwana ta ga ko fatarta ta karɓa. Kai kuma ka yi wanka da shi kamar kana wanke injin mota."

Ta buɗe wani gwangwani, ta ɗebo wasu ƙwayoyi masu ruwan zuma ta zuba masa a hannu.

"Ka ga lubban ɗin nan. Ƙaro ne. Bishiya ake tsagawa, ta zubo ruwa, ya daskare, mutane su bi su tsince da hannu a cikin rana. Sai a turara shi da tururi a tatso mai. Tulin ƙaro ake sawa kafin a cika 'yar kwalbar da ka ɗauke. Wahalar mutane da ta bishiya, ka je ka ƙarar a kan wannan sanƙon da ko ruwan sama ba ya zama a kai."

"Sanƙon nan ilimi ne ya cinye gashin."

"Ilimin me? Hon da birki?"

"To tunda ba ya mayar da mutum yaro, meye amfaninsa? Yaudarar mutane kike yi."

"Wa ya ce maka ina sayar da yarinta? Da ina da ita da na fara da kaina. Mai ciwon gwiwa ko wuya ya haɗa shi da man kwakwa a murza masa, wasu suna jin daɗi. Gwaggonka da shi nake murza mata ƙafa, amma ba ta fasa shan maganin likita ba. Wani ya ɗiga a kwanon ruwan zafi, ɗaki ya yi ƙamshi, ya ji hankalinsa ya kwanta. Iyakarsa ke nan a wurina. Wanda ya zo min da babban ciwo asibiti nake nuna masa."

"Ƙamshin dai ya yi aiki. Tun da na fara shafawa babu sauro ko ɗaya a layinmu. Ma'aikatan da nake ɗauka kuwa, kafin mu kai kwanar farko duk sun yi barci, har mai yawan surutun nan na kujerar gaba."

"Suma suka yi, ba barci ba."

Ta kawo ruwan sanyi a roba, ta tsoma tsumma mai tsabta ta matse, ta manna masa a goshi. Ya sauke ajiyar zuciya.

"Riƙe nan. To yanzu gaya min gaskiya. Wace ce?"

"Wace ce wa?"

"Wadda kake wa kwalliyar. Namiji mai furfura ba ya satar man fuska haka kawai. Faɗa min in je in ba ta haƙuri, in gaya mata ba haka kake ba, ka fi haka muni."

Baban Biyu ya zuba wa ƙaron da ke hannunsa ido, yana juya shi da yatsa. Mai Turare ta san shi. In ya yi shiru bayan an tsokane shi, to akwai magana. Ta jawo kwali ta zauna kusa da shi.

"Ɗan Kawu, lafiya?"

"An kawo mana sabon manaja," ya ce a hankali. "Yaro ne, na girme shi nesa. Ranar da ya zo yana zagayawa, sai wani cikin sababbin direbobi ya ce min, 'Baba, matsa in wuce.' Manajan ya tsaya ya dube ni sama da ƙasa, ya ce tun yaushe nake aiki a nan. Na faɗa masa. Ya ce, 'Kai, ka daɗe.' Bai ƙara komai ba. Yanzu an ce gobe duk direbobi za mu je gabansa ɗaya bayan ɗaya, wai za a rage mutane. Ke kin san wa ake fara ragewa."

"Maman Biyu ta sani?"

"Ban gaya mata ba. Yaran nan yanzu suka shiga sakandare. In aka sallame ni, wa zai ɗauki direba mai furfura? Na dubi madubi na ga goshina kamar an yi masa huɗa. Na ce ko in ɗan goge shi kafin goben."

Mai Turare ta karɓi tsumman ta sake tsomawa, ta manna masa a kumatu, a hankali wannan karon.

"Amma kai dai sakarai ne," ta ce. "Da goshi kake riƙe sitiyari?"

"Ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. Ka taɓa kayar musu da mota?"

"Allah ya kiyaye. Ko madubi ban taɓa fasawa ba."

"Sai na ɗakinka, da ka leƙa yau da safe. To ka je masa da wannan. In yana neman mai kyau ne ya je ya ɗauko 'yan talla su ja masa motar. Kuma yau ɗin nan ka gaya wa matarka. Tana can tana zaton kishiyar ƙamshi kake nema, ga shi ka bar ta da tunani."

"Da wannan fuskar zan tsaya gaban manaja?"

"Da wacce kake da ita? Ta aro? Tashi ka tsallaka kantin maganin can. Ka nuna wa matar da ke wurin fuskarka, ka faɗa mata abin da ka shafa, ba abokinka ba, kai. Ka ce mata kai direba ne, kada ta ba ka maganin ƙaiƙayi mai sa barci. In ta ce sai likita, ka wuce asibiti. Ka wanke da ruwa da sabulu marar ƙamshi, kada ka ƙara shafa komai. Ina sauran man?"

Ya zaro kwalbar daga aljihu. Ta ɗaga ta a haske, ta girgiza. Babu ko ɗigo.

"Allah ya isa tsakanina da sanƙonka."

"Ki riƙe kwalbar, kyauta na ba ki."

Ta ɗauki tsintsiya. Ya suri hula da tabarau ya yi waje, ya manta takunkumin a benci.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Mai Turare tana ƙulla wa kanta ɗankwali sai ta ji sallama. Baban Biyu ne, ba hula ba takunkumi, rungume da wata ƙatuwar kankana. Kumburin ya sauka, amma fatar ta yi dabbare-dabbare, wani wuri baƙi wani wuri fari-fari. A kan hancinsa kuwa ga farin tabarau mai kauri.

"Sannu da zuwa, Malam Damisa," ta ce. "An kore ka ne ka koma sayar da kankana?"

"Bakinki ya sari ƙafar teburin nan. Ina nan daram."

"Da gaske?"

"Da gaske."

"Alhamdu lillahi! Kai, alhamdu lillahi. Zauna ka ba ni labari, kuma ka rage ƙarya."

Ya ajiye kankanar a tebur, ya baje a benci.

"Da na shiga, manaja ya ɗago kai ya ja kujerarsa baya. Ya ce, 'Me ya same ka?' Na ce ƙudan zuma ne."

"Maƙaryaci!"

"To in ce masa me? In ce na saci man 'yar gwaggona don in burge shi? Ya ce sannu. Daga nan bai ƙara kallon fuskata ba. Aka jera ganguna a fili, aka ce kowa ya shigar da babbar mota da baya. Yaron nan mai ce min Baba ya kwashe ganga biyu har da tukunyar fure. Ni kuwa na zura ta kamar zare a allura, da hannu ɗaya, ɗayan ina sosa kumatu."

"Tabarau ɗin fa? Ko na gayu ne?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "An gwada mana ido. Wai layin ƙasa na allon haruffan ba na gani sosai. Manaja ya ce in sa wannan in ci gaba da aikina, kuma in huta har fuskata ta warke, kada in tsorata masa ma'aikata."

"Wato ka je neman yarinta ka dawo da tabarau irin na kakanni."

"Ya yi min kyau. Maman Biyu ta ce na yi kama da likita."

"Ta dawo ɗakin ke nan?"

"Ta dawo. Da na gaya mata gaskiya ta yi min faɗa kamar zan mutu, sannan ta yi kuka, sannan ta yi dariya. Duk ku ɗaya ne. Amma fa tabarau ɗin nan ya cuce ni ta wani wajen."

"Ta ina?"

"Yau na fara ganin ki da kyau. Ashe haka kika tsufa ban sani ba?"

Kafin ta nemo abin da za ta jefe shi da shi, wata mata ta yi sallama ta shigo, da jaka a kafaɗa, da alama daga wurin aiki take.

"Sannunku. Don Allah akwai man lubban? An ce min yana gyara fuska. So nake in riƙa shafawa da yawa don ya yi saurin aiki."

Mai Turare ta juya a hankali ta nuna Baban Biyu da hannu biyu, kamar mai nuna sabon kaya. Matar ta dube shi, ta ja da baya.

"Subhanallahi. Gobara ce?"

Baban Biyu ya dubi taubashiyarsa, ya ga kafaɗunta suna rawa. Ya miƙe tsaye, ya gyara tabarau, ya saita murya.

"Hajiya, zauna in yi miki bayani. Ɗigo biyu ne, a cikin cokalin man kwakwa. Ki fara gwadawa a nan, cikin hannu, ki bari ya kwana. Kada ki kai shi ido, kada ki sha. In ya yi zafi ba aiki yake yi ba, ki wanke. Duk abin da matar nan ta gaya miki, ki tsaya ki ji har ƙarshe."

"Likita ne?" matar ta tambayi Mai Turare.

"A'a, allon tallata ne. Da safe nake fito da shi, da yamma in mayar."

Matar ta rufe baki da mayafi. Ta sayi man, ta haɗa da kwalbar man kwakwa, ta fita tana waiwaye. Mai Turare ta kifa kai a tebur tana dariya, Baban Biyu ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, fatar ta ja shi, dariyar ta kuɓuce masa.

"Shi ke nan, na sallama," ya ce, ya ɗaga hannu biyu sama. "Yau kin ci. Kawo wuƙa ki yanka kankanarki."

Ta ɗauko wuƙa ta tsaga ta biyu, ta yi jawur. Ta yanko ƙaton yanki ta miƙa masa.

"Ungo, Ɗan Kawu. Wannan a baki ake sawa."